Bilez Paskal, mutumin da ya yi wa sa'a ma'auni

Kowace shekara, idan hatsi ya kusa isa yanka, malaman gidan gona sukan shiga karkara domin su kimanta abin da damina za ta bayar. Ba su bin gonakin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji ɗaya bayan ɗaya, domin ko sun so ba za su iya ba. Sukan zaɓi waɗansu ƙauyuka, a cikin ƙauyukan su zaɓi waɗansu gidaje, a cikin gonakin gidajen nan su auna ɗan fili kaɗan, su ga abin da ya haifa. Da wannan ɗan awo ne hukuma ke gane inda za a samu rara da inda za a samu giɓi. Manoma da yawa suna mamakin yadda za a auna kaɗan a ce an san mai yawa. Amsar tana cikin wani reshe na lissafi, watau lissafin yiwuwa, wanda littattafan lakkol ke kira probabilité. Ɗaya daga cikin mutane biyu da suka kafa harsashinsa shi ne Bilez Paskal, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Blaise Pascal.

An haife shi ran 19 ga watan Yuni na shekara ta 1623, a garin Clermont, a tsakiyar ƙasar Faransa. Mahaifinsa, Etiyen, alƙali ne a kotun da ke shari'ar haraji, watau lanho, kuma mutum ne mai son lissafi ƙwarai. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara uku, ta bar shi da yayarsa Jilbert da ƙanwarsa Jakilin. A 1631 uban ya kwashe iyalinsa ya koma Paris. Bai sa yaron makaranta ba ko ta rana ɗaya. Shi da kansa ya zama malamin ƴaƴansa. Ya yi niyyar ya fara koya wa ɗansa harsuna, ya bar lissafi sai ya girma, saboda haka ya ɓoye littattafan lissafin da ke gidan. Jilbert, wadda ta rubuta tarihin ƙanenta bayan rasuwarsa, ta ba da labari cewa wata rana uban ya iske yaron, yana da shekara 12, yana zane da gawayi a daɓen ɗaki, ya gano da kansa waɗansu ƙa'idojin awon kusurwa waɗanda malaman Girka suka rubuta tun da daɗewa. Mai yiwuwa ne ƙaunar ƴan'uwantaka ta sa ta ƙara wa labarin gishiri. Abin da ba shi da shakka shi ne, yana da shekara 16 ya rubuta ƴar takarda a kan ilimin siffofi wadda ta girgiza manyan malaman Paris.

A 1638 gwamnati ta ƙi biyan mutanen da suka ranta mata kuɗi abin da ta yi musu alkawari. Etiyen yana cikin waɗanda suka tada murya, har ya zama dole ya gudu ya ɓuya. Ƴarsa Jakilin ce ta cece shi: ta yi wasan kwaikwayo a gaban Richelieu, babban wazirin sarki, ta burge shi, ta roƙi a gafarta wa mahaifinta. Waziri ya gafarta, sa'an nan ya aike shi birnin Rouen ya kula da aza haraji da tara shi, a lardin da talakawa ba su daɗe da yin bore ba saboda nauyin haraji. Aiki ne na lissafi dare da rana, kuma kuɗin zamanin yana da wuyar tarawa, domin ƙananan sulalla 12 ke yin matsakaici ɗaya, matsakaita 20 ke yin babba ɗaya. Duk magatakardan da ya taɓa kwana a kan littafin haraji ya san irin wannan wahala. Ganin haka ya sa Paskal, yana da shekara 19, ya shiga ƙera na'urar da za ta yi tarawa da ɗebewa: akwati ne mai ƙafafun ƙarfe masu haƙora, idan ƙafa ɗaya ta cika zagayenta sai ta tura ta kusa da ita taki guda. Ya yi gwaji kamar sau 50 kafin ya nuna ta a 1645. Ba ta yi kasuwa ba saboda tsada, amma waɗansu daga cikinsu suna nan har yanzu a gidajen adana kayan tarihi.

A farkon 1646 Etiyen ya zame a kan ƙanƙara ya goce a ƙugu. Maɗora biyu da suka zauna gidan suna jinyarsa mabiya wata ɗarikar Kirista ce mai tsananin tsoron Allah, kuma ta hannunsu gidan duka ya karkata ga ibada. A cikin shekarun nan ne Paskal ya yi bincike a kan nauyin iska. Ran 19 ga Satumba 1648 mijin yayarsa ya hau dutsen Puy de Dôme da zaiba a cikin bututun gilashi, bisa ga roƙon Paskal, aka ga zaibar tana sauka gwargwadon yadda ake hawa. Shi ya sa har yau ma'aikatan hasashen yanayi ke auna nauyin iska da ma'aunin da ke ɗauke da sunansa.

Uban ya rasu a 1651, Jakilin kuma ta shiga gidan mata masu ibada na Port-Royal a farkon 1652. Paskal ya rage shi kaɗai, ga ciwo da ba ya rabuwa da shi tun yana saurayi. Sai ya shiga zama da ƴaƴan sarauta da masu hali na Paris, waɗanda hirarsu ba ta wuce littattafai da wasannin sa'a. A cikinsu akwai wani mai suna Mere, mutum mai karatu da iya magana, shi ne ya kawo masa tambayoyi biyu. Gaskiya ce wadda ba a ɓoyewa, daga teburin caca tambayoyin suka fito, kuma caca ba ta taɓa gina gidan kowa ba. Amma amsoshin da aka samu sun bar teburin tuni.

Tambaya ta farko a kan ɗan lido ce, watau ɗan dunƙulen nan mai fuska shida da yara ke jefawa. Tun da fuskokin daidai suke, kowace tana da rabo 1 cikin 6. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko: a ƙidaya dukan hanyoyin da abu zai iya faɗuwa, a ƙidaya waɗanda ake nema a cikinsu, a gwada su da juna. Abin da ba shi da hanya ko ɗaya ba zai auku ba; abin da ya cinye hanyoyin duka tabbas ne; sauran al'amura suna tsakani. Masu wasa sun san cewa wanda ya ce shida za ta fito aƙalla sau ɗaya cikin jifa huɗu ya fi abokinsa rinjaye kaɗan. Mere ya yi tunani cewa idan an jefa ɗan lido biyu tare, hanyoyin sun zama 36, saboda haka jifa 24 sun isa a samu shida biyu a lokaci guda da irin wannan rinjaye, tun da 4 a gaban 6 daidai yake da 24 a gaban 36. Da ya ga abin bai daidaita ba, sai ya ɗora wa lissafi laifi, ya ce yana saɓa wa kansa.

Lissafi bai yi kure ba. Jifa huɗu suna da hanyoyi 6 sau 6 sau 6 sau 6, watau 1296. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙidaya waɗanda shida ba ta fito ba sam, 5 sau 5 sau 5 sau 5, watau 625, a ɗebe su daga jimla. Saura 671, sun ɗara rabi, kusan 52 cikin ɗari. Idan aka bi wannan hanya da ɗan lido biyu, jifa 24 ba su kai rabi ba, suna tsayawa wajen 49 cikin ɗari. Sai an kai jifa 25 ake haye rabi. Ƙa'idoji biyu ke nan a wuri ɗaya. Yiwuwar abu da yiwuwar rashinsa, idan an haɗa su, suna cika ɗaya cur. Sa'an nan idan abubuwa biyu ba su da alaƙa da juna, yiwuwar su auku tare ana samunta ne ta hanyar ninka ta wannan da ta wancan.

Manomin ƙasar Maradi ya daɗe yana aiki da ƙa'ida ta biyun nan, ko da bai san sunanta ba. A ce, domin misali kawai, gonar mutum ta jigawa takan ƙi shekara 1 cikin 4, gonarsa ta bakin gulbi ita ma shekara 1 cikin 4. Idan abin da ke kashe wannan dabam yake da abin da ke kashe waccan, to su ƙi tare shekara 1 ce cikin 16. Dalilin raba gonaki ke nan, da haɗa hatsi da wake, da ajiye ƴan awaki a gefe. Sai dai sharaɗin nan na rashin alaƙa shi ne wurin da masu lissafi da yawa ke faɗawa rami. A shekarar fari irin ta 1973 ko ta 1984, sababi ɗaya ne ya kama jigawa da fadama da dabbobi gaba ɗaya, kuma wanda ya ninka 4 da 4 ya kwanta da 16 ya ruɗi kansa.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin tambaya ce ta adalci. Mutum biyu, gwanintarsu ɗaya, kowa ya ajiye tsabar zinariya 32, jimla 64, a kan cewa wanda ya fara ci uku shi zai kwashe. Na farko ya yi ci biyu, na biyu ya yi ci ɗaya, sai wani dalili ya tashe su ba su gama ba. Yaya za a raba kuɗin? Mai karatu yana iya sa gwanayen dara biyu a wurinsu, da goro 64 da wani attajiri ya aza, ruwan sama kuma ya watsa taro. Matsalar ta daɗe tana gagarar malamai. Wani malamin lissafi na Italiya, Luca Pacioli, ya rubuta a 1494 cewa a raba gwargwadon cin da kowa ya riga ya yi. Waɗanda suka biyo bayansa sun ga aibin wannan: idan ci ɗaya kaɗai aka yi aka tashi, wanda ya yi shi zai kwashe duka ke nan, alhali wasa bai yi nisa ba.

A damina ta 1654 Paskal ya rubuta wa Piyer Ferma, watau Pierre de Fermat, alƙali a babbar kotun Toulouse, wanda ke yin lissafi a lokacin hutunsa kuma ya fi yawancin malaman zamaninsa. Suka yi ta musayar wasiƙu har zuwa kaka. Dukansu biyu sun juya wa abin da ya wuce baya, suka dubi abin da ya rage. Hanyar Paskal ita ce a dubi karo na gaba. Idan na farko ya ci, 64 nasa ne. Idan ya faɗi, sun yi biyu da biyu, kowa ya ɗauki 32. Ashe 32 suna hannunsa ko ta ƙaƙa. Sauran 32 ɗin ne ake takara a kansu, kuma rabonsu a ciki daidai ne, sai a raba su biyu. Na farko ya tashi da 48, na biyu da 16. Daga wannan ya koma baya taki-taki: idan biyu da babu ne, rabon 56 da 8, idan ɗaya da babu ne, 44 da 20.

Ferma ya bi wata hanya. Ya lura cewa karo biyu ne mafi yawa da suka rage, sai ya jera yadda za su iya kasancewa: na farko ya ci duka biyu, ya ci ya faɗi, ya faɗi ya ci, ya faɗi duka biyu. Hanyoyi huɗu, uku nasa, ɗaya ta abokinsa. Kashi uku cikin huɗu na 64 shi ne 48. Wani malamin Paris mai suna Roberval ya yi gardama cewa ba daidai ba ne a lissafa karon da ba za a buga ba, tun da idan na farko ya ci karo ɗaya wasa ya ƙare. Paskal ya nuna masa cewa ko an buga na biyun ba ya canja mai nasara, kuma da shi ne hanyoyin ke zama masu nauyi ɗaya. Murnar Paskal ita ce hanyoyi biyu dabam, ɗaya daga Paris, ɗaya daga Toulouse, sun kai ga amsa guda.

Sabon abin da ke cikin wannan rabo shi ne an yi wa tsammani farashi. Abin da bai riga ya auku ba, an auna darajarsa a yau: a ninka kowace riba da yiwuwarta, a tara. Wannan ba duba ba ne, ba kuwa da'awar sanin gaibu ba. Lissafin bai faɗi wanda zai ci karo na gaba ba, kuma ba zai taɓa faɗi ba. Iyakarsa ya ce, tun da ba a sani ba, ga rabon da ba a cuci kowa ba a cikinsa. Kamfanonin inshora da asusun fansho a kan wannan suke tsaye.

Domin ya sauƙaƙa ƙidayar hanyoyi idan sun yi yawa, Paskal ya rubuta littafi a kan wani jadawalin lambobi mai kusurwa uku, inda kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta ce: 1 da 1, sa'an nan 1, 2, 1, sa'an nan 1, 3, 3, 1, sa'an nan 1, 4, 6, 4, 1. Mai karatu ya ɗauki ƴar dala, gefe guda kan barewa, gefe guda lamba, ya jefa ta sau huɗu. Layin ƙarshen nan yana gaya masa cewa hanyoyi 16 ne: ɗaya babu barewa sam, huɗu barewa sau ɗaya, shida sau biyu, huɗu sau uku, ɗaya barewa zalla. Watau biyu da biyu, wanda kowa ke zato shi ne tilas, bai kai rabi ba. Kuma ko barewa ta fito sau huɗu a jere, a jifa ta biyar rabonta rabi ne kamar da, domin dala ba ta tuna abin da ya wuce. Haka haihuwa take, kusan-kusan. Cikin gidaje 16 masu ƴaƴa huɗu, ana sa ran samun kamar gida ɗaya mai mata zalla da ɗaya mai maza zalla, ba tare da laifin kowa ba. Magidantan da ke tsangwamar matansu saboda haihuwar ƴaƴa mata ya kamata a karanta musu wannan layi.

Turawa suna kiran jadawalin da sunan Paskal, amma ba shi ya fara gano shi ba. Al-Karaji ya san shi a Bagadaza wajen shekara ta 1000, Umar Khayyam ya yi aiki da shi, malaman ƙasar Sin ma sun rubuta shi tun ƙarnoni kafin a haifi Paskal. Nasa shi ne tsara ƙa'idojinsa da hujja, da ɗaura shi a kan rabon sa'a. A cikin jerin ayyukan da ya gabatar wa malaman Paris a 1654 har da hatimin lambobi, wanda kowane layinsa ke ba da jimla guda. A kan wannan fanni ne malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, ya rubuta littafi a 1732, kafin ya rasu a Alƙahira a 1741.

Paskal bai daɗe a kan lissafin yiwuwa ba. A daren 23 ga Nuwamba 1654 wani hali na ibada ya same shi na kamar awa biyu. Ya rubuta abin da ya ji a ƴar takarda, ya ɗinke ta cikin rigarsa, ba wanda ya san da ita sai bayan mutuwarsa. Daga nan ya janye daga zaman masu hali, ya ba da ƙarfinsa ga kare ɗarikarsu da alƙalami a 1656 da 1657, da tara rubuce-rubuce domin wani babban littafin addini da bai gama ba. Ya koma ga lissafi na ɗan lokaci a 1658. A 1660 Ferma ya nemi su gamu a tsakanin Clermont da Toulouse. Paskal ya ba da uzurin ciwo. Ba su taɓa ganin juna ba.

Waɗansu ne suka ɗauki aikin. Wani saurayi ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya zo Paris a 1655, ya ji labarin tambayoyin, ya warware su da kansa, ya buga ɗan littafi a 1657 wanda aka yi shekaru kamar 50 ana koyo da shi. Amma akwai sauran giɓi. Ɗan lido da dala fuskokinsu daidai suke, ana iya ƙidaya hanyoyinsu tun kafin a jefa. Wuri fa? Bayansa da cikinsa ba ɗaya ba ne, ba mai iya cewa rabi da rabi. Haka ruwan sama, da cuta, da amfanin gona. Jacob Bernoulli, malami a birnin Basel, shi ya cike giɓin a littafinsa da aka buga a 1713, bayan rasuwarsa. Ya tabbatar da hujja cewa idan an maimaita gwaji sau da yawa, abin da aka gani yana matsowa kusa da ainihin yiwuwar, kuma ana iya lissafa yawan gwajin da ake bukata. A nan ne malamin gidan gona ke samun izinin auna kaɗan ya yi magana a kan mai yawa, bisa sharaɗi ɗaya: ƙuri'a ce za ta zaɓi gonakin. Idan ya zaɓi na bakin hanya domin mota ta fi isa, ko na mai gari domin an yi masa shimfiɗa, lissafinsa ya lalace tun kafin ya fara, kuma garin da ke bukatar taimako yana iya fita daga takarda.

Aikin Paskal na ƙarshe na sufuri ne. Shi da abokinsa, hakimin Roannez, suka samu izinin sarki suka sa kekunan doki suna bin hanyoyi sanannu a cikin Paris, a lokuta sanannu, da kuɗin shiga ƙayyadadde. Sun fara ran 18 ga Maris 1662, kuma ya so a kai rabonsa na riba ga matalautan da yunwa ta kama a shekarar. Jakilin ta riga ta rasu a watan Oktoba na 1661. Ya saukar da wani iyali matalauta a gidansa. Da agana ta kama ɗansu, bai yarda a fitar da yaron ba, shi ya tashi ya koma gidan Jilbert. A can ya rasu ran 19 ga Agusta 1662, yana da shekara 39, aka binne shi a majami'ar Saint-Étienne-du-Mont. Littafin jadawalin lambobi, wanda ya sa aka buga tun 1654 amma bai rarraba ba, an same shi a cikin kayansa, aka fitar da shi a 1665, shekarar da Ferma ya rasu.